Takalmin da Ya Shiga Waƙa

Shan-inna ta rage min ƙafar hagu tun ina ƙarami, shi ya sa Mista Pargeter, badukun layinmu, yake ɗinka min takalmi mai ƙasa mai kauri kamar bulo. Northampton kuwa garin masu takalma ne, ƙafarka ake fara kallo kafin fuskarka. Ko da na shiga ƙungiyar kiɗa, can baya nake tsayawa da jitata inda fitila ba ta kai.

A 1971 waƙarmu ta kama gari. Abin da ya haukata mutane a cikinta wani dum-dum ne mai nauyi da ke bin ganga. Takalmina ne a kan daɓen katako ranar da aka naɗi waƙar, ni ban ma san ina bugawa ba.

Sai gidan talabijin ya gayyace mu Landan. Manajanmu ya ja Clive, mawaƙinmu, gefe, amma muryarsa ko kurma ya ji ta.

"Neville ya zauna a gida. Mu samo mai kyan tsayuwa ya riƙe jitar."

Ni ne Neville ɗin, kuma maganar ta yi min ciwo.

Ranar tafiya ina shan shayi na ji hon a ƙofa.

"Fito, malalaci!" in ji Clive.

Na leƙa motar na saki baki. Rigar yayarsa ce a jikinsa, mai sheƙi, ga ƙyalƙyalin katin Kirsimeti a kumatunsa. A ƙafarsa da ta sauran 'yan ƙungiyarmu biyu, takalma irin nawa sak, aikin Mista Pargeter, an shafe su da fenti ruwan azurfa. Ya miƙo min nawa.

"Clive, babanka zai kashe ka."

"Sai ya kamo wuyana tukuna. Na fi shi tsawo yanzu."

Manaja ya yi ta kumfar baki, muka kama hanyar Landan. A matakalar dandamali su uku suna tangaɗi kamar 'yan maruƙa, ni kaɗai na iya tafiya, don haka ni na shiga gaba.

Da aka kunna fitilu, azurfar nan ta kama wuta. Na buga ƙafa sau ɗaya, ɗakin duka ya amsa. 'Yan mata na ihu, katako na rawa har cikin haƙorana. Tsigar jikina ta tashi, hawaye na zuba, ban daina bugawa ba.

Ranar Asabar na shiga kasuwa da tsohon baƙin takalmina. Wata budurwa ta ƙura wa ƙafata ido, ta zunguri ƙawarta. Na san wannan kallon tun ina yaro, na sunkuyar da kai zan wuce, sai ta tare ni.

"Don Allah, a ina ka saya?"