Ƙurar Rumfar Su Luba

Ranar da ma'aikatan lafiya suka zo Riruwai auna ƙura, maza shida suka zaɓa, duk masu shiga ramin kuza. Aka ɗaura wa kowanne wata 'yar na'ura a ƙugu, da siririn bututu har wuyan riga, yana zuƙar iskar da mutum ke shaƙa.

Luba na tsaye da rariya a hannu tana kallo. Shekararta ashirin da biyu tana daka dutsen da ake fitowa da shi daga rami tana tankaɗewa, ita da wasu mata a wata rumfa bayan gari. Ta matsa kusa da shugaban ma'aikatan, wani matashi mai suna Kamaluddeen, suka gaisa.

"Malam, mu fa?"

"Inna, masu haƙa aka turo mu mu auna."

"Su fasa dutse suke, mu muke mai da shi gari. Zo ka ga rumfarmu. In ka ce ba komai, sai in haƙura."

Ya bi ta. Bai yi minti biyar a ciki ba ya fito yana tari, girarsa ta yi fari fat. Ya ɗauko na'ura ɗaya da ta rage, amma matan suka ja da baya, wai an ce tana naɗar magana.

"Ta naɗa," in ji Luba. "Ɗaura min a nan."

Da rana ta take, ƙawarta Kulsumu ta raɗa mata su yayyafa ruwa, kada baƙi su ce ƙazamai ne su. Luba ta ƙi. Ta ce yadda suke kullum, haka na'urar za ta gani. Ta yi awa takwas tana daka da na'urar a jikinta.

Bayan mako uku Kamaluddeen ya dawo, aka taru a ƙofar gidan dagaci. Ya yi bayanin silika, ƙurar dutse da ido ba ya gani, wadda in ta shiga huhu ba ta fita, sai ta riƙa cin sa a hankali. Sannan ya ce abin da aka samu a na'urar Luba ya ninka na cikin rami sau huɗu.

Matan suka tuna Mariya, abokiyar aikinsu da ta sha maganin tarin fuka har karo biyu, ta rasu tana haki.

A watan aka buɗe gefen rumfar, aka jawo tiyo daga rafi, aka koma jiƙa dutse kafin daka. An ɗauki hoton ƙirjin kowa. An ga tabo a na Luba, likita ya ce ta bar turmi. Ta yi kwana biyu a gida, a na uku ta koma rumfar tana lura da ruwa.

Da aka kira taron masu haƙar ma'adinai a Tudun Wada, ita aka sa ta yi jawabi. Ta ɗaura sabuwar atamfa, ta tsaya gaban maza sama da ɗari ta faɗa musu yadda ake jiƙa dutse.

Da ta dawo, Kulsumu ta tare ta a tasha.

"Muryarki ba ta yi rawa ba?"

"Da farko ta yi," in ji Luba tana gyara mayafi. "Daga baya sai da suka ce min lokaci ya ƙare."