Hotunan Bikin Bahago

A filin ƙwallo babu wanda ya san sunansa na gaskiya. Ƙyasta kowa ke ce masa, domin tun yana saurayi da 'yan wasa sun hango shi da kyamara a wuya sai su hau kira, "Zo ka ƙyasta mana ɗaya!" Da furfura ta ci rabin gemunsa aka ƙara masa girma, ya koma Baba Ƙyasta.

Ba shi da shago, ba shi da ubangida. Ranar wasa yana durƙushe a bayan raga har gwiwoyinsa su yi tsami. Sauran ranaku kuwa duk inda aka kira shi nan ya nufa: bikin aure, rabon kyaututtuka a makaranta, taron ma'aikata inda manya ke hamma sai sun ga kyamara su gyara zama. Da sana'ar ya yi aure, da ita ya reni 'ya'ya. Wayoyin hannu sun cinye masa kasuwa, ya kuma saba da wannan. Abin da ya kasa sabawa da shi idonsa ne.

A filin wasa ya fara lura. Ƙwallo takan fito daga gefe, sai dai ya ji ihun 'yan kallo, kafin ya juya an riga an ci. Ya ɗauka gajiya ce. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya tafi asibiti shi kaɗai. Likita ya haska masa fitila, ya sa shi kallon wasu ɗigogin haske, sannan ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cinsa.

"To, a ba ni gilashi mana," in ji Ƙyasta.

"Ba matsalar gilashi ba ce, Baba. Jijiyar ce ke mutuwa daga gefe zuwa tsakiya. Abin da ya tafi ya tafi. Maganin ɗigawa zai rage masa gudu ne kawai."

Da ya koma gida ya ce wa matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, wai likita ya ce ya rage kallon kwamfuta. Kwalbar maganin kuwa ya tura ta cikin jakar kyamara.

Ana haka Bahago ya zo. Tsohon ɗan wasa ne da ƙafarsa ta hagu ta sha raba masu tsaron gida da mutuncinsu, yanzu kuwa direba ne a wani kamfani. Ya durƙusa ya gaida Malama, ya juyo yana washe baki.

"Baba, zan shiga daga ciki. Dangin amarya sun so su kawo yaran nan masu kyamara mai tashi sama kamar shirwa. Na ce ko Baba Ƙyasta ko a fasa auren."

"Kai dai ba ka rabo da cika baki."

"Allah kuwa. Wa ya ɗauke ni ina ɗan tsako da takalmin aro? Hoton yana nan a ɗakin tsohuwata, kunnuwana kamar na jemage."

Ƙyasta ya yi dariya har da tari. Maganar ido ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta. Ya ce Allah ya kai mu.

Zauren bikin dogo ne, an rufe tagoginsa da labule masu kauri, an kunna ƙananan fitilu ja da shuɗi. Yana shiga ya ji kamar an jefa shi rijiya. Ya tsaya jikin bango har idon ya ɗan washe, ya ɗauki kujerun da aka jera, da furanni, da kek mai hawa-hawa. Ango da amarya na shigowa jama'a suka miƙe, kowa ya ɗaga waya. A cikin turereniyar, wani ƙato ya mangare shi da gwiwar hannu, kyamarar ta bugi ƙirjinsa. Ƙaton ya ce yi haƙuri, ya wuce. Ƙyasta ya gyara igiyar a wuyansa ya ci gaba da aiki.

Ya yi aikin kamar yadda ya saba, da ba'a da tsawa. "Ango, saki fuska, ba kotu aka kawo ka ba!" "Gwaggo, matso, ba za ta cije ki ba!" Yakan leƙa ɗan allon bayan kyamara, ya ga fari ya ga ja, ya ce madalla.

Can aka turo kakar amarya a keken guragu, 'yar tsohuwa da ta shanye kamar tsumma, an ce daga nesa aka ɗauko ta. Amarya ta durƙusa ta kwantar da kai a cinyarta. Masu waya suka yo ca, sai Ƙyasta ya daka musu tsawa.

"Kowa ya sauke waya! Haskenku na ɓata min aiki. Ku ba ni wannan, zan tura wa kowa."

Suka sauke, suna dariya. Ya ɗauka har sau da yawa, ya kuma ji a ransa cewa ya yi hoton da ya fi kowanne a ranar.

Washegari da hantsi ya zuba hotunan a kwamfuta, a kan teburin falo. Malama ta kawo masa shayi ta tsaya a bayansa don ta ga kwalliyar amarya. Kujeru suka wuce, furanni suka wuce. Da aka zo shigowar ango sai ta ƙara matsowa kusa da allon.

"Baban Auta, wuce na gaba."

Ya wuce.

"Na gaba."

Ya yi ta wucewa. Ya ji hannunta ya sauka a kafaɗarsa, da nauyi.

"Kai ba ka ga komai ba?"

"Me zan gani? Ga ango ga amarya."

"Babu fuska ko ɗaya. Kamar ana kallon mutane ta gilashin mota ana ruwan sama."

Ya kai hancinsa dab da allon. Sannan ya jawo kyamarar ya shafa gefenta da yatsa, ya ji ɗan maɓallin da ke sa ta daidaita hoto da kanta ya goce. Bugun ƙaton nan ne. A da, ko ƙiftawar ido ba zai yi ba zai gane. Jiya kuwa wuni guda yana ɗaukar hazo yana cewa madalla.

Ya buɗe jaka ya ajiye kwalbar maganin a gabanta, ya faɗa mata abin da likita ya ce. Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa ya fi son a ce ta yi. Ta juya kwalbar a hannunta, ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta daɗe ba ta fito ba.

Ya kai hotunan wurin wani abokin sana'arsa da ya ƙware a gyara. Mutumin ya duba, ya girgiza kai. "Wallahi, yaya, da duhu ne sai in haska, da karkata ce sai in miƙe. Amma abin da bai shiga ba, daga ina zan ɗebo shi?"

Bahago yana zaune a hawa na biyu na wani bene, ɗakin na ƙamshin sabon fenti, kwalaye jibge a lungu ba a gama buɗewa ba. Amarya ce ta tarbi Ƙyasta da murna, ta kawo ruwa, ta zauna a hannun kujera kusa da mijinta. Ƙyasta bai taɓa ruwan ba. Ya buɗe kwamfutar ya juya musu ita, ya faɗi abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba.

Bahago ya danna, ya danna, ya daina. Ya shafa ƙeya. "Ba komai, Baba. Ai abokai sun ɗauka a waya, sun cika mana waya da su."

"Ni duk na yafe sauran," in ji amarya a hankali. "Nawa da Kaka kawai nake so. Ba na jin za ta sake iya tafiya irin wannan."

Ta jawo kwamfutar da kanta ta nemo wurin. Farin abu ne a jingine da wani abu mai duhu, sai ƙyallin ƙarfen keke.

"To wa ya ɗauka a waya?" ta tambayi mijinta. Sai kuma ta tuna wanda ya sa aka sauke wayoyin. Ta dubi Ƙyasta. Ta tashi ta shige ɗaki ta turo ƙofa a hankali.

Bahago ya rako shi. A bakin matakala, inda haske ya yi ƙaranci, ya kama masa gwiwar hannu yana cewa, "A hankali, Baba, akwai ɗaya a nan. Sauko. Saura kaɗan." Ƙyasta ya so ya fizge hannunsa, amma da gaske ba ya ganin matakalar, sai ya bari aka sauko da shi har bakin titi.

Bayan kwana biyu shugabar wata makaranta ta bugo, tana so ya zo rabon kyaututtuka kamar kowace shekara. Ya saurare ta har ta gama, ya ce ba zai samu dama ba, ya ba ta lambar abokin sana'arsa.

"Lafiya dai, Baba? Ko mun yi laifi ne?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Ya fi ni hannu, za ki ji daɗin aikinsa."

Ya ajiye wayar ya zauna jikin taga. Yara suka taso daga makaranta, yana ganinsu in sun zo daidai ƙofar gidan, su ɓace da sun gota, ya rage sai muryoyinsu. Malama ta dawo da littattafan ɗalibai a hammata. Ta wanke hannu, ta ɗauko kwalbar, ta ce ya ɗaga kai. Ta ɗiga masa a dama, ta ɗiga a hagu, ta share abin da ya gangaro da bakin mayafinta.

"Yayana ya ce in kana so ka riƙa zama masa a shago," in ji ta. "Zama ne kawai, ba wani aiki."

"To."

"To kana so, ko to ka ji?"

"To dai," ya ce, idonsa a rufe, yana jiran zafin maganin ya lafa.