Eriyar Motar Baba

Ni na karya ta. Gara in faɗa tun yanzu, kada a yi ta neman ɓera da ba shi da laifi.

Baba tsohon direba ne. Tun da idonsa ya tafi, motarsa take ajiye a tsakar gida, tayoyinta sun lotse, amma rediyonta na aiki. Shi kaɗai ne rediyon da ke kamo tashar da ƙanena Auta yake karanta labarai, saboda tashar tana da nisa, eriyar motar kuwa doguwa ce. Kullum ƙarfe huɗu Baba zai lallaɓa ya zauna a kujerar direba, ya bar ƙofa buɗe, ya ƙure murya. Duk maƙwabcin da ya leƙo sai ya ji, "Ka ji ɗana?"

Ni ma ɗansa ne. Ni ne babba, mai gyaran wayar mota, kuma ni ke gidan. Ni ke kai shi asibiti, ni ke yanke masa farce, ni ke ɗauko batirin motar nan in yi masa caji duk mako. Auta rabonsa da gida tun bara. Amma ban taɓa jin Baba ya ce wa kowa, "Ka ga aikin ɗana?" ba. Kishi nake yi, ba na musu, kishi irin wanda ke hana mutum jin daɗin abinci.

Ranar Asabar ina mayar da batiri, Baba yana kan tabarma can gefe, sai na ji yana ce wa maƙwabcinmu tela, "Cikin 'ya'yana Auta ne ya fitar da ni kunya." Ban san lokacin da na zura hannu bayan rediyon ba. Na kama wayar eriya na fizge. Kan filogin ya karye, siririn tsinkensa ya maƙale a cikin soket.

Ƙarfe huɗu Baba ya kunna, babu abin da ke fita sai shuuu. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, ya kashe. Bai tashi ba. Tausayi ne ko tsoro, ban sani ba, sai na buɗe ɗaya ƙofar na zauna kusa da shi.

"Tashar ce ta ɗauke?" na tambaya, kamar mutumin kirki.

"Mai yiwuwa," in ji shi.

Sai ya fara ba ni labarin ranar da birkin wata babbar mota ya tsinke masa a gangara. Ban taɓa jin labarin ba. Kashegari na sake zama, ya tambaye ni yadda ake gane waya ta ƙone ba tare da an kwance dashbod ɗin gaban direba ba, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Rana ta uku har dariya muka yi. Shekarata arba'in da biyu, amma daɗin da na ji ya fi na wanda aka yi wa sabon ɗinki.

Matata ce ta fara ɓata min lissafi. "Kai fa mai gyara ne," ta ce. "Ko kuwa sai motar waje ce take da waya?" Na ce mata kayan gyaran ne babu. Ta dube ni ta ci gaba da wankinta.

Rana ta huɗu na tarar da Baba a motar tun ƙarfe uku, tafin hannunsa a kan rediyon. Ya rame a ido. Ya ce, "Ka kira min Ɗan Gajere na bakin titi ya duba min abin nan."

Ɗan Gajere, wanda a shagona ya koyi riƙe filaya. Raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Baba, ina gidan nan za a kira wani?"

"To ai ba ka ce za ka yi ba."

Na ɗauko kayan aiki. Na zare rediyon daga mazauninsa, na sa ƙaramar filaya na ciro tsinken da ya maƙale. Na yanke wayar daga inda ta tauye, na feɗe baƙar robar. Wayar eriya biyu ce a haɗe: saƙar ƙarfe a waje, da wani siririn zare a tsakiya. In gashi ɗaya na saƙar ya taɓa zaren, rediyo ba zai kamo komai ba, kuma babu mai ganewa sai ɗan sana'a. Na tsaya da wannan gashin a tsakanin yatsuna. In na bar shi, sai in ce na yi iya ƙoƙarina, gobe kuma ƙarfe huɗu da ni Baba zai yi hira.

Na naɗe shi baya. Na zura zaren cikin sabon filogi, na ɗiga masa dalma, na matse saƙar da filaya, na naɗa salatif. Aiki ne mai kyau, ko ni ne na faɗa.

Ina cusa filogin a soket Baba ya ce, "Ranar da ka fizge ta na ji ƙarar. Ido ne ya tafi, kunne yana nan."

Hannuna ya tsaya. "Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Na ga kana zuwa kana zama."

Maganganu suka taru min a baki, na shekaru da yawa. Na ce, "Baba, ni fa abin da yake damuna..."

Amma yatsansa ya riga ya kai kan maɓalli. Muryar Auta ta fito tas, ko ƙura babu, tana yi wa masu sauraro sallama. Fuskar Baba ta washe yadda ba ta washe ba ko sau ɗaya a kwana ukun nan. Ya ɗaga min hannu.

"Yi shiru tukuna," ya ce. "Ɗan'uwanka na magana."