Ranar Da Jummai Ta Kashe Kwamfuta

Ranar Talatar da aka yi wa Malam Nuhu aikin ido, sai bayan azahar suka dawo gida Unguwar Dosa, shi da matarsa Jummai. An cire masa yana a idon dama, an rufe shi da auduga da filasta. Na hagun kuwa, wanda aka ce sai bayan wata biyu za a taɓa, da ma bai fi ya nuna masa inuwar mutum ba. Likita ta ce mako biyu cur ba karatu, ba kallon kwamfuta.

Malam Nuhu tsohon malamin sakandare ne. Tun da ya yi ritaya ya koma fassara: ƙungiyoyin noma da na lafiya su aiko masa da takardu da Turanci, shi kuma ya mayar da su Hausa. Kwamfutarsa ta tebur ce, tsohuwa, tana ƙuryar falo kusa da taga, a haɗe da inbata, na'urar ajiye wuta da babban ɗansu ya sa musu. Ba ya kashe ta. Fuskarta ce kawai ke yin duhu in ya tashi, amma fankar cikinta na nan tana ɗan gurnani kullum, har kunnen Jummai ya saba.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Jummai ta kwashe shanya, ta rufe tagogi, sannan ta nufi ƙuryar falon ta sunkuya bayan tebur. Malam Nuhu na kishingiɗe a doguwar kujera, ya ji motsinta.

"Me kike taɓawa a can?"

"Wayar kwamfutarka zan zare. Hadarin nan da tsawa yake tafe. Ka manta yadda ta ƙona talabijin ɗin maƙwabta bara?"

"Kar ki zare, ba a yi mata haka. Akwai abubuwa a buɗe a ciki. Sai an rufe su ɗaya bayan ɗaya, sannan a kashe ta."

Ya yunƙura zai tashi. Jummai ta ce ya koma ya kwanta, ita za ta yi, shi dai ya riƙa faɗa mata. Shekararsu talatin da huɗu da aure, shekarar kwamfutar tara a gidan, amma ban da goge mata ƙura ba abin da ya taɓa haɗa Jummai da ita. Ta ja kujerarsa ta zauna, ta sa tabarau.

"Ki kama maus ɗin, wannan ɗan abin da ke hannun dama. Motsa shi."

Fuskar kwamfutar ta yi haske. Jummai ta ga wata 'yar kibiya tana gudu duk inda ta ja hannunta, ta ɗauki lokaci kafin ta iya tsayar da ita wuri ɗaya. Ya ce ta kai ta can sama, ƙuryar dama, inda akwai alamar kuros mai kama da X, ta danna sau ɗaya.

Abu na farko fassara ce kan yadda ake adana masara. Kafin ta danna, idonta ya faɗa kan wani layi.

"Malam, wa ke cewa ma'adanar hatsi? Ba rumbu ba?"

"Rumbu na ƙasa ne. Wannan na ƙarfe ne."

"Sai ka ce rumbun ƙarfe mana."

"In na warke zan gyara. Danna."

Wani ɗan akwati ya fito da tambaya da Turanci. Ta karanta masa a hankali, ya ce tambaya take ko a adana aikin, ta danna na farko. Bayansa sai hotunan sunan jikarsu, ta tsaya ta kalli uku ko huɗu kafin ta rufe. Na gaba kuwa karta ce a jere a kan koren shimfiɗa.

"Ashe wannan ne aikin da ke hana ka cin tuwo da zafi."

Malam Nuhu ya yi dariya, ya dafe gefen filastar. "Hutun ƙwaƙwalwa ne. Rufe."

Da kartar ta ɓace, sai wani farin shafi ya bayyana, rubutunsa manya-manya yadda ya koma yi tun da idonsa ya fara gazawa. Layi bai fi takwas ba. Jummai ta karanta na farko a fili, kamar yadda ta yi wa sauran.

"Sharhabil, bayan gaisuwa."

Ta tsaya.

Sharhabil ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran keken ɗinki a Babbar Kasuwa. Shi ya zauna da mahaifiyarsu a gidan gado na Unguwar Sarki har ta rasu, shekara huɗu ke nan. Ranar da jikinta ya tashi Malam Nuhu na Zariya wajen wani taro, ba a kira shi ba sai da safe bayan ta cika. A wurin zaman makoki, a gaban mutane, ya ce wa ƙaninsa ya bar tsohuwa ta mutu kamar wadda ba ta haifi kowa ba. Tun daga nan ba su yi faɗa ba, ba su kuma shirya ba. Sukan gaisa ranar Sallah da wurin ɗaurin aure, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau.

"Wannan ba sai kin karanta ba," in ji Malam Nuhu.

"Na riga na fara."

Bai hana ta ba, don haka ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Na hango ka ranar Juma'a kana fita daga masallaci. Ban san furfura ta kama ka haka ba. Maganar da na faɗa maka ranar rasuwar Inna, ba ni da gaskiya. Shekara goma sha ɗaya kai ke ɗaga ta, kai ke kwantar da ita, ni kuwa sai in zo ranar Lahadi da lemo a leda in yi awa ɗaya in tafi. Ba kai nake jin haushi ba ran nan. Abin da ya..."

Ta duba ƙasa, ba komai. "Nan ya tsaya."

"Nan ya tsaya," ya ce. "Yau kwana goma sha biyu. Ranar da aka ba ni ranar aikin ido na fara. Kullum sai in buɗe in duba, in rasa na gaba."

A waje iska ta fara kaɗa bishiyar darbejiyar ƙofar gida, an yi tsawa can nesa wajen Malali. Jummai ta kai kibiyar kan kuros ta danna, akwatin tambayar ya sake fitowa.

"Ta ce a adana?" in ji Jummai.

"Danna na biyun. Kar a adana."

Jummai ta ɗauke hannunta daga maus ɗin ta ɗora a cinya. "In ka ce in goge zan goge, takardarka ce. Sai dai ni na riga na ji abin da ke ciki, kuma gaskiya ka rubuta."

"Ba ta ƙare ba."

"Abin da ke ciki ya isa."

Ya daɗe yana kwance fuskarsa na kallon silin. Da aka sake tsawa, wannan karon kusa, sai ya ce ta danna na farko.

Kwamfutar ta nemi a sa wa takardar suna. Jummai ta nemo haruffan da yatsa ɗaya, tana faɗar kowanne a fili, har ta rubuta sunan ƙanin mijinta. Ta danna, shafin ya tafi, sai hoton wani tafki da duwatsu ya rage.

Daga nan ya bi da ita sannu a hankali. Ƙuryar ƙasa ta hagu, alama mai gida huɗu kamar taga. Sai wani ɗan zobe mai sanda a kansa. Ta karanta masa zaɓi ukun da suka fito, ya ce na tsakiya. Fuskar ta koma shuɗiya, wasu ɗigo-ɗigo suka yi ta zagaye, sannan ta yi baƙi. Fankar ta ja numfashi ta tsaya.

Falon ya yi tsit, irin tsit ɗin da dukansu suka manta yana da shi. Har agogon bango aka fara ji.

"Yanzu ki zare wayar."

Ta zare, ta naɗe ta, ta ɗauko wani tsohon mayafi ta lulluɓe kwamfutar. Ba ta kai ga komawa kicin ba ruwa ya sauko. Ta dawo ta zauna a ƙasan kujerar da yake kwance, suna jin yadda yake dukan kwano.

"Ga shi an adana," ya ce can, "amma ba mai buga ta sai bayan mako biyu."

"Kana da lambarsa a waya."

"Waya ba ta yi wa irin wannan maganar."

"To a kira shi ya zo."

Ba a kira shi ba ran nan, ba a kira shi ba washegari da aka cire masa filastar aka ba shi baƙin tabarau. Jummai ba ta sake tayar da zancen ba. Da yake ba karatu ba fassara, sai ya koma zama a baranda da rediyo, wani lokaci ya kashe rediyon ma ya zauna haka nan. Ranar Alhamis da hantsi, tana tsinkar zogale a gefensa, ya miƙa mata wayarsa ya ce ta nemo masa lambar.

Sau biyu ta yi ƙara aka ɗauka. Ana jin hayaniyar kasuwa ta cikinta.

"Sharhabil, ni ne."

"Yaya. Ina kwana. Ya jikin? Hansai ta ce an yi aikin."

Hansai matar Sharhabil ce. Malam Nuhu ya juya wajen Jummai, ita kuwa ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

"An yi, da sauƙi. In ka samu dama gobe bayan masallaci ka biyo. Akwai maganar da nake so mu yi."

"In sha Allahu zan zo."

Ya zo wajen ƙarfe uku, da kankana a bayan babur. Jummai ta shimfiɗa musu tabarma a baranda, ta kawo ruwa, ta koma ciki ta bar ƙofa a buɗe. Sun daɗe a kan gaisuwa da labarin damina da yadda kasuwa take. Sannan Malam Nuhu ya faɗi abin da ya rubuta, ba a jere ba, yana tsayawa yana komawa baya. Da ya zo inda takardar ta tsaya sai ya ce kansa yake jin haushi ran nan, don ya san ba ta da lafiya ya tafi Zariya, kuma ya rasa wanda zai ɗora wa sai shi.

Sharhabil na sunkuye yana wasa da makullin babur.

"Ni ma da na kira ka tun da yamma," ya ce. "Na ɗauka zazzaɓin da ta saba ne. Ba ranar da ba na tuna wannan."

"Ka yafe mini."

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya, Yaya. Allah ya jiƙan Inna."

"Amin."

Jummai ta fito da 'yar kwalbar maganin ɗigawa, ta ce lokaci ya yi, ita kuma hannunta duk albasa ne. Sharhabil ya karɓa, ya je famfo ya wanke hannu da sabulu, ya dawo ya durƙusa. Ya cire wa yayansa tabarau, ya tallafo haɓarsa, ya ja fatar idon ƙasa da ɗan yatsa a hankali yadda yake yi wa ƙananan sukurorin keken ɗinki.

"Dubi sama. Kar ka ƙifta."

Ya ɗiga ɗaya, ya jira, ya tambayi Jummai ko biyu ake sawa. Ta ce ɗaya ne, na gaba sai magariba. Ya ce to, zai jira ya sa masa wannan ma kafin ya tafi.