Dardumar Don Tacho

Warin ne ya riga ruwan isowa. Don Tacho yana kwance rub da ciki a kan katakon da ya gitta bisa dardumarsa, yana rairaya farin garin katako a kan ulun ɗan ragon da ya zana, sai hancinsa ya shaƙo wani abu da ba turaren coci ba. Ya ɗaga kai. A bakin layin, murfin ramin masai na gari ya ɗago kamar murfin tukunyar wake, abin da ke ciki yana malalowa a natse, ba gaggawa, kamar shi ma an gayyace shi.

Juma'ar gicciye ce. Da tsakar rana za a fito da Yesu Banazare daga coci, mutum-mutumin katako ɗauke da gicciyensa, a kafaɗun maza tamanin, ya bi ta kan dardumomin da mutane suka zana a ƙasa da rinannen garin katako. Shekara talatin Don Tacho yana koyar da zane a sakandare bai taɓa yin ko ɗaya ba. Yakan ce aikin da za a tattake cikin minti guda bai cancanci gwiwar mai digiri ba. Sai bara, da rabin jikin matarsa Remigia ya shanye, ya tsinci kansa a barandar asibiti yana yi wa Banazaren alkawari: in ta dawo gida, zai shimfiɗa masa darduma a ƙofarsu, ya taka tana kallo. Ta dawo. Likita ya ja shi gefe ya ce kada ya sa ran za ta ga wani bikin Ista bayan na bana.

Ga ta nan a bakin ƙofa cikin kujerarta, lulluɓe da baƙin mayafi. Ga darduma, taku ashirin: inabi, zangarniyar alkama, ɗan rago mai ido kamar zai yi kuka. Ga kuma kashin unguwa yana gangarowa.

Ƙanwarsa Fidelina ta fito daga kicin tana ƙarnin busasshen kifi.

"Yaya, kada ka tada hankalinka. Ubangiji ya san abin da yake yi."

"Shi ya sani. Hukumar gari ce ba ta sani ba."

"Komai da dalilinsa."

"Dalilinsa bututun da aka sa tun zamanin kakanmu, da cikin mutum dubu uku da suka kwana suna cin wake."

Ta yi alamar gicciye, ta koma wajen kifinta. Matan layin suka taru suka fara waƙar tuba, amma ya lura a ɓangaren da iska ba ta kaɗawa suka tsaya.

Ba a jima ba sai ga Don Crisanto mai kantin magani, shugaban masu ɗaukar Banazare, cikin doguwar rigarsa ta shunayya, ya toshe hanci da hankici.

"Malam, ka yi haƙuri. Za mu karkata ta layin baya."

"Layin baya? Wa ya yi darduma a layin baya?"

"Chepe ya watsa ɗanyen ganye da ɓawon lemu."

"Chepe! Mutumin da ba ya iya zana layi ko da an riƙe masa hannu!"

"To ya kake so in yi? Mutum tamanin, kowa na ɗauke da nauyin buhu a kafaɗa. Ɗaya ya zame a cikin wannan abin, Ubangijinmu ya kifa da fuska a ciki. Kai za ka amsa tambayar Fadan coci?"

Don Tacho ya juya ga matarsa. "Tsohuwa, bari mu ɗauke ki da kujerar, mu kai ki can."

Remigia ta daɗe tana haɗa kalmomin, don tun ciwon bakinta ya karkace.

"Ba a layin baya ka yi alkawari ba."

"To in sha ruwan ne?"

"Tsoho, babana... me yake zubawa a ƙasan mahautarsa?"

Ya sani. Shekara arba'in yana raina surukin nan nasa mahauci, da jinin da ke ƙasan rumfarsa, da garin katakon da yake watsawa don kada masu sayen nama su zame. Ya dubi ɗan ragon. Ɗan ragon ya dube shi da idon da ya kwashe sa'a guda yana gyarawa.

"Crisanto, ba ni rabin sa'a."

Ya ɗauko shebur. Ya fara danne murfin ramin da buhunan garin katako biyu da suka rage, sannan ya soka shebur a tsakiyar inabin. Ja, kore, rawaya, shunayya, duk ya kwasa yana zubawa a kan ƙazantar, kowane launi yana shiga ya fito launi ɗaya. Ruwan ya haura takalmansa na zuwa coci, ya ratsa safa, da ɗuminsa. Wani abu mai laushi ya fashe ƙarƙashin dugadugansa, bai duba ba. Matan suka ƙara murya.

"Kun gani?" Fidelina ta leƙo tana gaya musu. "Tun Janairu Ubangiji ya sa shi rina buhu goma sha biyu. Mu muna cewa ɓarna ce!"

"Fidelina, in ba za ki ɗauki tsintsiya ba, ki rufe mini baki."

Ba ta ɗauka ba. Don Tacho ya bar ɗan ragon sai a ƙarshe, ya kwashe shi a shebur uku.

Don Crisanto ya taka wurin da kan takalminsa, ya danna, ya ƙara dannawa. "Ƙafa za ta kama," ya ce ta cikin hankici.

Da ƙarfe ɗaya saura aka ji ganguna da kakakin makoki. Hayaƙin turare ya shigo layin, ya yi iya ƙoƙarinsa. Maza tamanin suka biyo baya suna rangaji a hankali, gefen rigunansu yana jan abin da yake ja, ba wanda ya dubi ƙasa. Ba wanda ya zame. Daidai ƙofar, Don Crisanto ya buga sandarsa, suka tsaya na ɗan lokaci, abin da ba ya cikin tsari.

Remigia ta ɗaga hannunta mai aiki, ta yi alamar gicciye. Hawaye na bin ɓangaren fuskarta da ba ya motsi.

"Ya taka," ta ce.

"Ya taka, tsohuwa."

Don Tacho ya jingina da shebur, ƙafafunsa na naso, ya ɗaga ido ga Banazaren. Tun yana yaro ya san fuskar nan: kai a sunkuye, baki a yamutse, ido rabi a rufe. Kullum yana ɗauka nauyin gicciyen ne. Yau da ya dube ta da kyau, sai ya ga fuskar wanda ya daɗe da sanin warin layin, kuma duk da haka ta nan yake bi.