Wuya da Zuciya a Shiga Ɗaya

Tun da matar Mai Agogo ta rasu, ƙanwarsa ke jinyarsa. Shekara shida ke nan. 'Ya'yansa suna nesa, sai dai su bugo waya su ce, "Goggo, ya jikin Baba?" Ita ke auna masa sukari, ita ke ɗauko shi daga shagonsa na gyaran agogo duk ranar da numfashi ya gagare shi.

A asibiti likitan zuciya ya zaunar da su, ya juya bayan takarda ya zana musu. Jijiyoyi uku na zuciyar sun toshe. Ta wuya kuma, mai kai jini ƙwaƙwalwa, saura ƙiris ta rufe. In aka taɓa zuciya kaɗai, ana tsoron shanyewar ɓarin jiki. In aka fara da wuya aka dakata, ba lalle zuciyar ta jira ba. Don haka duka biyun za a yi a shiga ɗaya. Bai ɓoye musu haɗarin ba: ga shekara saba'in da uku, ga sukari, ga ƙoda ta soma gajiya.

Mai Agogo ya ce ai shi ma ba ya buɗe agogo sau biyu. Likita ya yi dariya, Goggo ba ta yi ba.

Ranar aikin, ƙarfe takwas na safe aka tura shi ɗakin tiyata. Ta zauna a kujerar roba, riƙe da ledar da aka sa tabaransa da takalmansa. Wayarta ta yi ta ƙara har ta kashe ta. Ta ɗauko carbi, ba ta kai ƙarshen zagaye na biyu ba barci ya sace ta. Bayan awa bakwai wata nas ta taɓa kafaɗarta. Kunya ta rufe ta: ana tsaga ƙirjin yayanta, ita tana minshari.

Likita ya fito, idanunsa jajur. "An gama, Mama. Sai mu ga yadda zai farka."

Ta nemi murna a ranta, ta tarar da gajiya kawai.

Washegari ya buɗe ido. Aka ce ya matse hannunta. Hannunsa na dama ya kama da ƙarfi. Na hagu ya kama, amma yatsu biyu sun ƙi motsi. Likita ya ce wataƙila su dawo, wataƙila a'a.

"Yaya, sannu," ta ce.

Ya daɗe yana kallonta kafin muryarsa ta fito a dishe. "Kin rame."

Bayan kwana goma sha biyu aka sallame su, shi da ɗinki a wuya, da wani dogo a ƙirji. Aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, aka nuna mata yadda za ta tayar da shi ba tare da ta ja hannunsa ba. A mota ya tambaye ta wa ke da makullin shago. Ta ce yana jakarta, kuma a can makullin zai zauna tukuna. Bai yi gardama ba.