Bayan Takardar Gonar Rakiya

Ruwan shuka ya sauka a Buji ranar Talata, kowa ya saɓi sungumi, amma Rakiya tana zaune da irinta a ƙwarya. Gonar gindin tsamiya da take ci da marayunta tun rasuwar mijinta, 'ya'yan babban wanta, Alhaji Ɗayyabu, sun ce ta gado ce da ba a raba ba, ranar Alhamis za su sa garma. Shi kuwa Alhaji yana can Fatakwal, kuma magana ɗaya ya yi: in Baba ya ba ta, a nuna masa.

Malam Gwadabe, mai bin Alhaji, shi ke ajiye da takardar kyautar gonar. Sai da ya yi furfura ya shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa duk abin da aka buga da tafireta aka danna wa hatimi yake ganin girmansa. Shafi biyu ne, da hatimin dagaci. An ɗaukar masa su da na'ura a Jahun, aka haɗe su a fayil ɗaya aka tura, tsohuwar wayar Alhaji ta ƙi buɗewa.

"Kun aiko mini akwati ba mukulli," in ji Alhaji.

Laraba da hantsi Gwadabe ya sauka a Dutse, aka kwatanta masa shagon Shamsiyya mai kwamfuta a Takur. Ta saurare shi har ya kai aya.

"Baba, abin mai sauƙi ne. Kowane shafi zan mayar da shi hoto. Wayarsa tana buɗe hoton jikoki?"

"Wannan kam tana buɗewa. Har cewa ya yi jikana ya kwaso kunnuwana."

Ta yi dariya, ta karɓi takardun tana ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan gilashin na'ura. Da ta ɗaga ta biyun, sai ta ga layi huɗu na ajami a bayanta, tawadar ta koɗe ta yi ja.

"Wannan fa?"

"Bar shi, 'yata. Rubutun tsohonmu ne. Ba hatimi, ba sa hannun kowa."

"Shi Alhajin yana karanta boko?"

Gwadabe ya sake duban rubutun. Yayansa bai taɓa zama a aji ba. Duk abin da tafireta ta buga, sai dai ya tura wa 'ya'yansa su karanta masa, su da suka riga suka yi magana da mai garma.

"Ɗora shi," ya ce a hankali.

Ta ɗauka, ta ƙara wa tawadar duhu har kowane ɗigo ya fito, ta tura hotuna uku. Gwadabe ya zauna a benci da wayar a tafin hannu. Aka kira azahar, ya je ya yi salla ya dawo, ba amsa. Yana shirin sallama sai saƙon murya ya shigo.

Da farko tari kawai aka ji. Can Alhaji ya ce, "Gwadabe, hannun Baba ne. Dubi yadda yake jan jelar lam. Da wannan hannun ya rubuta mini allona." Sannan ya karanta: "Na ba Rakiya daga tsamiya zuwa bakin burtali, ina da rai da lafiyata." Ya sake tari. "Ka ce ta yi shuka. Yaran ni zan kira su."

Gwadabe ya juya ga Shamsiyya.

"'Yata, shekara ashirin ina kallon gaban takardar nan. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan magabatanki."

"Amin, Baba. Amma in an yi kaka, ina jiran tumuna."

"Dami za a kawo miki."

Ya ninke takardar, rubutun tsohon a ciki don kada gumi ya taɓa shi. Bai jira ya isa tasha ba, a ƙofar shagon ya kira ƙanwarsa.

"Rakiya, ɗauki ƙwaryarki. Ƙasar da sauran danshi."